Me za mu ce wa tsofaffinmu su jiƙa haƙorin roba a ciki? Ga yadda gwajin ke tafiya

Litinin, 13 ga Janairu 2025

To bismillah, yau dai mun fara. Ga wanda bai san kan zancen ba, ni sana'ata haɗa haƙoran roba ce, ina da ɗan lab a nan Tudun Wada cikin Kaduna, likitocin haƙori su ɗauki awon bakin mutum su turo min ni kuma in haɗa. Abin da ya ja ni cikin aikin nan shi ne haƙoran da ake dawo min da su gyara, kana juya cikinsu sai ka ga farin datti mai yauƙi ya kwanta a gefen da ke manne da ganɗa, likita kuma ya ce maka ganɗar mai haƙorin ta yi jajir. Wannan jan yawanci aikin fangas ne, Candida albicans, irin dai wanda ke sa wa jarirai farin baki. Tun 1962 wani mai bincike, Newton, ya kasa ciwon gida uku, na farko ɗigo-ɗigon ja, na biyu ja ya mamaye duk inda robar ta rufe, na uku kuma ganɗar ta yi gudaji-gudaji. Abin da ke damuna yawancin masu shi ba sa jin wani zafi, sai dai warin baki ko raɗaɗi in an ci yaji ko gefen baki ya dinga tsagewa, shi ya sa mutum zai shekara da shi bai sani ba, musamman masu ciwon suga da masu bushewar baki.

Likita zai rubuta nystatin ko fluconazole, bakin ya warke, bayan ɗan lokaci a dawo gidan jiya, saboda fangas ɗin ya fi yawa a jikin robar fiye da jikin ganɗar, an yi wa baki magani an bar masa gidansa. Tambayarmu biyu ce kuma ba ma son raba su: wane ruwa ne ke kashe kandida a jikin roba, sannan shi ruwan me yake yi wa robar in an daɗe ana amfani da shi. Mu uku ne, ni da likitar haƙorin da muka daɗe muna aiki tare, sai wata malama da ta karanta ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, ita ke riƙe da ɓangaren shuka fangas. Takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike ta fito tun Disamba, duk wanda za a goga auduga a haƙorinsa sai an yi masa bayani da Hausa ya yarda tukun.

Alhamis, 16 ga Janairu

Aikin yankan samfur. Ba haƙori sukutum za mu jiƙa ba, ƙananan faya-faye muke yi masu faɗin milimita 10 da kaurin 2, sai sanduna na gwajin karyewa, su kuma awonsu na ƙa'idar ISO 20795-1 ne, 64 da 10 da 3.3. Kayan kala biyar ne: akirilik ɗin da ake dafawa wanda shi ne asalin robar haƙori tun wajen 1937, akirilik mai daskarewa da kansa wanda muke gyara da shi, shimfiɗa mai laushi da ake sa wa masu siririn dasashi, ƙarfen kobal-kuromiyam na haƙoran da ke da maƙalai, sai nailan mai lanƙwasa da mata suka fi so yanzu don ba a ganin ƙarfe in sun yi dariya.

Na dage kan abu ɗaya, kowane faifai fuska ɗaya kawai za a goge ta yi sulɓi, ɗayar a bar ta yadda ta fito daga filasta. Dalili kuwa a baki haka abin yake, gefen da ke taɓa ganɗa ba ma goge shi sam, in ka goge haƙorin ya daina kamawa, kuma can ne fangas ke zama. In muka goge duka fuska biyun to mun sauƙaƙa wa ruwan wankin aiki, sakamakon zai yi kyau a takarda amma ba zai yi kama da bakin kowa ba.

Sanyin hunturun nan yana sa kwaɓin ya daɗe kafin ya kai yadda ake danna shi a ma'ajin, sai haƙuri. Dafawa a digiri 74 awa 2 sannan a tafasa awa 1, a bar shi ya huce da kansa. Ƙura kuma ba a magana, komai sai an rufe.

Asabar, 25 ga Janairu

Na zaga kasuwar Sheikh Gumi da kemis-kemis na kan titin Ahmadu Bello da wasu a Unguwar Rimi da Barnawa don in ga me mutum zai iya samu in an ce masa je ka sayi abin wanke haƙori. Ƙwayoyin nan masu kumfa irin su Polident da Corega da Steradent akwai su a manyan kantuna amma ba ko'ina ba, kuma kuɗinsu ba na tsohon da ke jiran fansho ba ne, ga shi kullum sai ka jefa ɗaya. Ruwan kurkure baki mai chlorhexidine ana samu, akwai mai kashi 0.12 akwai mai 0.2. Jik da Hypo kuwa ko a shagon lungu akwai. Ruwan khal ma haka.

Likita ta jima tana tambayar masu zuwa wajenta me suke wankewa da shi, amsoshin su ne suka ƙara mana jerin gwajin: makilin da buroshi mai tauri shi ne kan gaba, sai gawayi ko toka, ruwan gishiri, omo, ruwan zafi tafasasshe wai don ya kashe cuta, aswaki, wasu su dafa ganyen dogon yaro, wasu su ɗiga man kanumfari, akwai kuma masu tsoma shi cikin Jik zalla ya kwana don ya yi fari. Duk mun sa su a layi, ba don raini ba, abin da mutane ke yi kenan kuma ya kamata mu iya ce musu ga abin da muka gani da idonmu.

Wani abu da ya tsaya min a rai shi ne bilic ɗin haɗin gida da ake sayarwa a gorar ruwa ba rubutu ba lambar NAFDAC. Mata da yawa sun koyi haɗa shi kuma suna rufa wa kansu asiri da shi, amma ba ka san ƙarfinsa ba, in ka ce wa mutum ya surka kaza da kaza to lissafin ya dogara ne da sanin ƙarfin na kwalbar. Jik dai an rubuta kashi 3.5, in ka zuba murfi 1 ka ƙara ruwa murfi 6 ka samu kashi 0.5, lissafin da ma'aikatan asibiti suka sani tun lokacin Ebola a 2014 da kuma duk shekara in zazzaɓin Lassa ya taso. Da shi za mu yi aiki.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Malama ta shuka abin da aka gogo daga haƙoran a farantan Sabouraud da ake rainon fangas a kai, awa 48 a digiri 37, sun fito farare masu maiƙo da warin yis. Ta mayar da su kan wani faranti mai canza launi da ke bambance ire-iren kandida, yawanci suka fito kore wato albicans, amma akwai shuɗi wato tropicalis, akwai kuma wani ruwan hoda mai faɗi da ta ce krusei ne. Wannan ya sa likita ta yi shiru na ɗan lokaci, don krusei fluconazole ba ya kama shi tun asali, wani irin kandidan da ake kira glabrata ma yakan yi masa taurin kai, ga shi nan gari fluconazole ɗin ne kowa ke saya a kemis ba tare da an duba komai ba. Koren kuma ta tabbatar da su ta hanyar sa su a ruwan jini awa 2 zuwa 3, a madubi ka ga kowace ƙwaya ta fitar da ɗan wutsiya. Da wannan zaren ne yake kutsawa cikin tsaga da ramukan roba.

Matsalarmu wuta ce. Inkubeta, wato akwatin ɗumi da ake ajiye farantan, na son digiri 37 ba yankewa, in aka ɗauke wuta cikin dare a sanyin nan zafin ya sauka, girman fangas ɗin ya canza. Mun haɗa ta da inbata da batir, janareta kuma na jiran ko-ta-kwana, akwai ma'aunin zafi a ciki da ke nuna mafi ƙasa da mafi sama da aka kai cikin dare, duk zagayen da zafin ya faɗi zubarwa muke a sake.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Sakamakon farko ya fito kuma wallahi tun safe nake jin daɗi. Yadda aka yi: faya-fayen sun kwana cikin yawun da aka tace, sannan aka zuba musu kandida da aka daidaita kaurinsa da ma'aunin McFarland 0.5, aka bar su awa 48 har dattin nan mai yauƙi ya kafu sosai, sai aka tsoma kowane rukuni a ruwansa, bilic da chlorhexidine da khal minti 10, ƙwaya mai kumfa gwargwadon abin da ke jikin kwalinta. Kafin a shuka abin da ya rage Malama na tsoma na bilic a sodium thiosulfate don ya kashe ƙarfin bilic ɗin, in ba haka ba ragowarsa zai bi faifan zuwa faranti ya ci gaba da kisa a can, ka ɗauka minti 10 ne ya yi aikin alhali kwana biyu ya yi yana yi.

Bilic kashi 0.5 farantinsa ya fito wayam a kan akirilik dafaffe, fuska mai sulɓi da mai kaushi duka. Chlorhexidine 0.2 na biye da shi kusa-kusa. Ƙwaya mai kumfa ta rage sosai amma ba ta share ba, musamman a fuskar da ba a goge ba, wannan ya ba likita mamaki don ita ce ake ta talla kuma ita ce mai tsada. Ruwan khal ya rage kaɗan. Ruwan gishiri da ruwan famfo ba ka bambance su, faranti cike. Ruwan dogon yaro ya ɗan taɓa amma ba abin da za ka dogara da shi ba, kuma shi kansa in ya kwana biyu a kwalba sai ya fara funfuna. Na so ƙwarai a ce ya yi aiki don ko'ina akwai bishiyar kuma kyauta ce, amma abin da faranti ya nuna shi zan rubuta.

A kan shimfiɗa mai laushi da akirilik mai daskarewa da kansa komai ya fi wuya, ko bilic ɗin ya bar ɗan tsiro a wasu, don su suna da ƙofofi da yawa a jiki.

Talata, 18 ga Fabrairu

An maimaita amma wannan karon an fara goge faifan da buroshi mai laushi da sabulun ruwa na wanke hannu kafin a jiƙa. Bambancin ba kaɗan ba ne, ƙwaya mai kumfa ta matso kusa da chlorhexidine, khal ma ya gyaru. Dattin nan kamar ƙanzo ne a gindin tukunya, jiƙo kaɗai ba ya fitar da shi sai an kankare, kankara kaɗai kuma ba ta isa lungu.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Yau aka fara ɓangaren da ya fi shafata, wato me ruwan ke yi wa kayan. Ba za mu jira wata shida muna tsomawa minti 10 kullum ba, sai muka tara lokacin: minti 10 sau kwana 180 ya ba da awa 30, jiƙon dare kuma awa 8 sau 180 ya ba da kwana 60 cur. Ana sauya ruwan a kai a kai don bilic na mutuwa da zafi da haske, ƙwaya mai kumfa kuma da kumfar ta ƙare ƙarfinta ya ragu. Na san jiƙo a jere ba daidai yake da na kullum-kullum ba tunda a baki haƙorin na shan yawu da shayi da tuwo a tsakani, amma haka ake yi a irin wannan gwajin kuma zai nuna mana inda aka dosa.

Kafin tsomawa an ɗauki hoton kowane faifai a cikin kwali mai fitila ɗaya da katin toka a gefe don launi, an auna nauyi, an kuma auna kaushi da wata 'yar na'ura mai allura da muka aro a wajen wani injiniya a Kakuri. Adadin da ake kallo shi ne 0.2 na maikuromita, in kaushin fuska ya haura haka ƙwayoyi na samun wurin maƙalewa. Fuskar da na goge da hannuna tana ƙasa da haka, wadda ba a goge ba ta haura nesa.

Alhamis, 6 ga Maris, 6 ga Ramadan

Aiki ya koma safe zuwa azahar. Samfura na cikin ruwansu ba abin yi sai sauya ruwa, sai na zauna a wajen likita ina jin hirarta da masu zuwa.

Wata dattijuwa daga Rigasa, ganɗa jajir irin mataki na biyu, likita ta ce Hajiya kina cire shi in za ki kwanta kuwa? Ta ce 'yar nan ai ni tun da aka sa min ko maigidan bai taɓa ganina ba shi ba, ga jikoki a ɗakin. Ta ce kuma ai tana kurkure baki a kowace alwala. Likita ta ce Hajiya alwala na wanke baki amma ruwan ba ya shiga ƙarƙashin robar, can kuma ciwon yake. Na ce mata ranki ya daɗe ki samu ɗan kofi mai murfi wanda ba a ganin cikinsa, bayan kin dawo daga tarawi kin yi shirin kwanciya ki cire ki wanke ki sa a ruwa ki tura ƙarƙashin gado, kafin sahur ki ɗauraye ki mayar, ba wanda zai sani. Ta yi dariya ta ce wannan kam za ta iya.

Maganar kunya ce kuma ba ƙaramar magana ba ce, duk ruwan da za mu gano in mutum na kwana da haƙorin to aikin banza muke. Ganɗa na bukatar ta sha iska yawu ya wanke ta. Akwai binciken da aka yi a Tokyo aka fitar a 2015 kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama, masu kwana da haƙorin roba haɗarin kamuwa da nimoniya ya ninka musu wajen sau biyu, don abin da ke jikin robar na iya bin numfashi ya sauka huhu. Ga azumi baki na bushewa yini guda, yawun da ke taimakawa ya ragu, watan nan ya fi kowane bukatar a kula.

Asabar, 15 ga Maris

Ƙarfe ya fara magana. Kobal-kuromiyam da ke cikin bilic ya dushe, ya yi baƙi-baƙi, a madubi ana ganin ƙananan ramuka, na cikin Jik zalla kuwa abin tausayi ne. Wanda ke cikin ƙwaya mai kumfa da na chlorhexidine suna nan da ƙyallinsu. Wannan ba sabon abu ba ne, an san bilic na cin ƙarfe, amma gani da ido daban ne, kuma maƙalin da ya yi rami wata rana karyewa zai yi a bakin mutum yana cin nama. Kenan ruwan da ya fi kowanne kashe fangas bai dace da duk mai ƙarfe a haƙorinsa ba, ga shi a nan Kaduna masu haƙori ɓangare-ɓangare sun fi masu cikakke yawa a cikin waɗanda nake yi wa aiki, ko wanda robarsa akirilik ce zalla sau da yawa akwai 'yar waya a gefe.

Shimfiɗa mai laushi kuma ƙwaya mai kumfa ce ta dame ta, fuskar ta yi ƙuraje ta fara tauri. Man kanumfari ya sa akirilik ya yi laushi da danƙo a inda ya taɓa, mun cire shi daga jerin gaba ɗaya. Na tafasasshen ruwa sun yi fari-fari sun ɗan karkace, in ka ɗora sandar a kan gilashi sai ka ga gefe ɗaya ya ɗaga, a baki wannan shi ne haƙorin da ya daina zama.

Laraba, 26 ga Maris

Gwajin tabo. An ɗauko wasu faya-faye ana tsoma su a ruwan wanki sannan a shayi mai kauri ko ruwan goro ko zoɓo, ana juyawa. Na chlorhexidine da shayi sun yi ruwan ƙasa sosai har da haƙoran da muka manna a jiki, tabon kuma buroshi ba ya fitar da shi sai na mayar kan injin gogewa. Mutumin da ke shan shayi safe da dare ga goro a aljihu, ka ce masa kullum chlorhexidine, wata biyu zai dawo ya ce ka ɓata masa haƙori. Likita ta ce dama ita ba ta ba da shi sai na ɗan lokaci sadda ake jinyar ciwon, kuma ba ta haɗa shi lokaci ɗaya da nystatin don suna rage wa juna ƙarfi.

Malama ta nuna wa yaran lab abu biyu don su kiyaye. Ta zuba chlorhexidine a kan bilic nan take ya yi gudaji ruwan lemo-ƙasa. Na biyun ba ta yi ba, faɗa kawai ta yi: kar a kuskura a haɗa bilic da ruwan khal, iskar kulorin yake fitarwa mai shaƙe mutum. Dole wannan ya shiga takardar da za mu raba don mutanenmu na son haɗa abu biyu wai ya fi ƙarfi. Su ma ƙwayoyi masu kumfa akwai persulfate a cikin da yawansu, tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi cewa yana tayar wa wasu da borin jini, kuma an samu tsofaffin da suka haɗiye ƙwayar ko suka kurkure baki da ruwanta. Ga wanda ba ya karanta Turancin jikin kwali wannan haɗari ne na gaske.

Na buroshi kuma: makilin ya karce fuskar da na goge, gawayi da toka sun fi shi ɓarna nesa, aswaki ya bar layi-layi. Sabulun ruwa da buroshi mai laushi kusan ba su taɓa ta ba. Akirilik bai kai haƙorin Allah tauri ba ko kusa, abin da ke goge wancan karce wannan yake.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah, Allah ya maimaita mana. Yau ne ranar da ɓangarorin biyu suka haɗu. Mun ɗauki faya-fayen da makilin da gawayi suka karce, da waɗanda sabulu ya wanke, aka sake zuba musu kandida iri ɗaya lokaci ɗaya. Karcaccun sun ɗauki fangas fiye da masu sulɓin a bayyane, ba sai an ƙirga ba ma kana gani a faranti, kuma da aka zo wankewa da ƙwaya mai kumfa sun fi wuyar tsarkaka. Wato wanda ke dirje haƙorinsa da gawayi kullum don tsafta, da hannunsa yake haƙa wa fangas ramin da gobe wanki ba zai kai ba. Abin ya taɓa ni don waɗannan su ne masu ƙoƙarin, ba ƙazamai ba ne, ba a dai faɗa musu ba ne lokacin da aka miƙa musu haƙorin. Mu masu haɗawa da likitoci mukan ɓata lokaci kan launi da yadda zai zauna, bayanin wanki kuma a yi shi a tsaye a bakin ƙofa cikin minti ɗaya.

Zafin Afrilu ya shigo da ƙarfi, bilic ɗin da aka surka da safe zuwa yamma takardar gwajin kulorin na nuna ya yi sanyi. A surka sabo kullum kenan, kar a haɗa gora guda a ajiye. Na haɗin gidan da na saya a wurare daban-daban kuwa kowanne da nasa ƙarfin, wani ya kusa ruwa wani ya yi kauri.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Kwana 60 na jiƙon dare sun cika, an kwashe. Akirilik dafaffe da ya sha bilic 0.5 na lissafin minti 10 kullum ido ba ya bambance shi da na ruwa, kaushinsa ma bai motsa sosai ba. Wanda ya yi jiƙon dare a bilic ɗin ya ƙara kaushi. Na Jik zalla ya koɗe ya zama fari-fat, jan dasashin ya tafi, fuskar ta yi gari-gari. Na ƙwaya mai kumfa jiƙon dare ya ɗan koɗe shi ma, musamman rukunin da aka narka ƙwayar a ruwa mai zafi sosai. Nailan ya fi kowa saurin canza launi da ɗaukar kaushi, kuma shi gogewarsa wuya gare ta in ya karce. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar da ƙungiyar likitocin haƙoran roba ta Amurka ta fitar a 2011, cewa kar bilic ya wuce minti 10 kuma kar a sa haƙori a tafasasshen ruwa.

Ruwan khal bai yi wa akirilik komai ba, kuma na gwada shi a kan wani tsohon haƙori mai dutsen datti ya narkar da shi tas. Amfaninsa kenan, cire dutse lokaci-lokaci, ba kashe fangas ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Mun kai sandunan wani sashen injiniya da ke da injin matsawa. Ana ɗora sanda a kan ƙafa biyu masu tazarar milimita 50, a danna tsakiya a hankali milimita 5 a minti har ta karye. Ƙa'ida ta ce dafaffen akirilik kar ƙarfinsa ya gaza megafaskal 65, mai daskarewa da kansa 60. Na minti 10 a bilic da na chlorhexidine da na ƙwaya duk sun tsallake lafiya. Na Jik zalla da na tafasasshen ruwa su suka fi saurin karyewa. Mai daskarewa da kansa dama tun farko ya fi rauni kuma shi ya fi jin jiki a kowane ruwa, abin lura ne ga masu yin haƙori gaba ɗaya da shi don ya fi arha da sauri, a tashar mota ma ana yi.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun zauna mu uku mun tsara takardar da za a dinga ba mutane, da Hausar boko da ajami don dattawa da yawa ajamin suka fi karantawa, da zanen murfi 1 da murfi 6. Ba shawara ɗaya ce ga kowa ba, sai an duba irin haƙorin. Kowa dai ya cire da dare, ya goge ciki da waje da buroshi mai laushi da sabulun ruwa a kan kwano mai ruwa don in ya suɓuce kar ya fashe, ya goge ganɗa da harshe, haƙorin ya kwana a ruwa mai tsabta mara zafi. Mai akirilik zalla ba ko waya ya ƙara da bilic mai lamba da aka surka sabo, minti 10 da agogo, ya ɗauraye sosai har warin ya tafi kafin ya mayar baki. Mai ƙarfe ko waya ya nisanci bilic, in da hali ƙwaya mai kumfa a ruwa mai ɗumi-ɗumi bayan buroshi. Mai shimfiɗa mai laushi da mai nailan su dawo a duba musu, ba mu gama da nasu ba. Wanda ganɗarsa ta riga ta yi ja sai ya ga likita, a duba suga, a duba ko haƙorin ya saki yana gogar nama, in ma yana shan warfarin, maganin tsinka jini, ya faɗa don magungunan fangas miconazole da fluconazole ba sa jituwa da shi.

Likita na so bilic ɗin ya zama sau ɗaya ko biyu a mako ga wanda ba shi da ciwo, ni kuma ina ganin abin da ba kullum ba mantawa ake yi, mun bar shi a buɗe sai mun gwada na mako-mako a faranti. Saura kuma krusei da tropicalis da Malama ta ajiye a firji, duk abin da ke sama a kan albicans aka yi. Akwai maganar maikurowef ma, wat 650 minti 3 cikin ruwa, ana yi a wasu wurare ga haƙorin da ba ƙarfe, amma gida nawa ke da ita a Rigasa ko Hayin Banki, mun sa ta a ƙarshen layi. Farantan masu canza launi sun ƙare, an yi oda daga Legas, in sun iso ranar Laraba zagaye na gaba zai fara da shimfiɗa mai laushi in sha Allah.